Iliya Mechnikov (1845-1916): Rayuwarsa Da Bincikensa A Kan Garkuwar Jiki

Gabatarwa

Kowa ya san abin da kan biyo bayan sukar ƙaya ko shigar sartse. Wurin ya yi zafi, ya kumbura, ya yi ta zogi, bayan kwana biyu ko uku ya tara mugunya, sa'an nan ya fashe, sartsen ya fito, ciwo ya kama hanyar warkewa. Shekara da shekaru masu magani na kowace al'umma suna ganin wannan al'amari, amma galibinsu sun ɗauka kumburin da mugunyar su ne ainihin cutar. Mutumin da ya fi kowa ƙoƙari wajen nuna wa duniya, da hujjar da ido ke iya gani, cewa kumburin nan yaƙi ne jiki yake yi, mugunya kuwa gawarwakin mayaƙansa ne, shi ne Iliya Mechnikov, wani masanin dabbobi ɗan ƙasar Rasha wanda bai taɓa yin karatun likita ba. Wannan maƙala ta ƙunshi tarihin rayuwarsa, da yadda ya gano masu gadin jiki, da irin gwagwarmayar da ya sha da manyan masanan Jamus, da kuma abin da masu bincike suka ƙara a kan aikinsa bayan mutuwarsa.

Asalinsa Da Ƙuruciyarsa

An haifi Iliya Mechnikov ran 15 ga watan Mayu, 1845, a wani ƙauye da ake kira Ibanobka, cikin lardin Karkof, wanda a wancan zamani yake ƙarƙashin daular Rasha, a yau kuwa yana cikin ƙasar Yukren. Shi ne autan 'ya'ya biyar. Mahaifinsa hafsa ne a rundunar masu tsaron Sarkin Rasha, mutum mai son shagali da caca, har dukiyar gida ta ja baya, dole iyali suka bar birni suka koma gandunsu na karkara. Mahaifiyarsa, Emiliya, ɗiyar wani marubuci ce Bayahude, kuma ita ce ta fi kowa tasiri a kan tarbiyyarsa. Gidan nasu ya fitar da mutanen da aka sani: yayansa Lev ya zama masanin labarin ƙasa, wani yayan nasa kuma, Iban, alƙali ne wanda jinyarsa da mutuwarsa suka ba marubucin nan Tolstoy kayan rubuta ɗaya daga cikin fitattun labaransa.

Tun yana ƙarami Iliya ya nuna sha'awar tsirrai da ƙwari. Yakan tara yara ya zaunar da su yana karantar da su abin da ya gano a daji. Ya shiga makarantar sakandare ta Karkof a 1856. Da ya gama ya so ya karanci likitanci, amma mahaifiyarsa ta ba shi shawarar ya bi ilmin halittu, domin ta lura zuciyarsa ba ta jure ganin wahalar marasa lafiya. Ya bi shawararta, ya shiga Jami'ar Karkof a 1862, ya kammala karatun shekara huɗu cikin shekara biyu, yana da shekara 19 da haihuwa.

Neman Ilmi A Turai

A 1864 ya tafi tsibirin Heligoland na tekun arewacin Jamus don nazarin halittun ruwa. Guzurinsa ba shi da yawa, sau da dama yakan rage cin abinci don kuɗin su kai shi. Daga nan ya wuce Jami'ar Gisen, ya yi aiki a ƙarƙashin wani babban masanin tsutsotsi, Rudolf Leuckart. Can ya gano wani sabon abu game da hayayyafar wata tsutsa, malamin nasa ya buga sakamakon ba tare da ba shi haƙƙinsa yadda ya kamata ba, Mechnikov kuwa ya fito fili ya ƙalubalance shi a rubuce. Wannan hali na rashin haƙuri da abin da ya ɗauka zalunci ne bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

A Gisen ɗin ne kuma, cikin 1865, ya ga wani abin da ya zama harsashin duk aikinsa na gaba. Jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda ake gina gida da tubali. Da ya sa wata tsutsa mai faɗi a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu, sai ya ga wasu ƙwayoyin jikinta suna lulluɓe ɗan guntun abinci, su haɗiye shi, su narkar da shi a cikinsu. Ya rubuta abin da ya gani ya ajiye.

Daga Jamus ya nufi Napoli ta ƙasar Italiya, inda ya haɗu da ɗan ƙasarsu Alekzanda Kovalevsky. Su biyun suka duƙufa nazarin yadda halittun teku marasa ƙashin baya suke girma tun daga ƙwai, suna neman hujjojin da ke nuna dangantakar dabbobi da juna bisa ra'ayin Darwin. A 1867 aka raba musu kyautar Baer, wadda ake ba gwanayen wannan fanni a Rasha. A shekarar ne ya fara koyarwa a Jami'ar Odesa yana da shekara 22, har wasu ɗalibansa sun girme shi. Ya koma Sant Fitasbag na ɗan lokaci, sa'an nan a 1870 ya dawo Odesa da muƙamin farfesan ilmin dabbobi.

Aure Da Jarrabawar Rayuwa

A 1869 ya auri Ludmila Fedorobic, alhali tana fama da tarin fuka. Ciwon ya ci ƙarfinta har a kan kujera aka ɗauke ta zuwa coci ranar ɗaurin aure. Shekara huɗu yana ta faɗi-tashi, yana fassara littattafai da dare don samun kuɗin magani, yana kai ta ƙasashe masu ɗumi ko iska za ta yi mata amfani. Duk a banza, ta rasu a tsibirin Madera cikin watan Afrilu, 1873. A lokacin idanunsa sun yi rauni ƙwarai, ba ya iya duba madubi, wanda shi ne jarinsa. Baƙin ciki ya yi masa yawa har ya nemi halaka kansa, amma kwana bai ƙare ba.

A 1875 ya auri Olga Belokopitoba, yarinyar da yake koya wa ilmin dabbobi. Ita ce ta zama abokiyar aikinsa, tana zana masa hotunan abin da ya gani a madubi, kuma ita ce ta rubuta tarihinsa bayan ya mutu. A 1880 zazzaɓin taifot ya kusa kashe ta. Wannan, tare da rigingimun jami'a, ya sake jefa shi cikin ƙunci, har a 1881 ya yi wa kansa allurar jinin wani mai fama da zazzaɓi mai komowa. Ya kwanta ciwo mai tsanani, ya warke, kuma daga wannan jinya ya tashi da son rayuwa irin wanda bai taɓa yi ba.

A shekarar 1881 ɗin aka kashe Sarkin Rasha Alekzanda na Biyu. Gwamnati ta matsa wa jami'o'i lamba, ana sa ido a kan malamai da ɗalibai. Mechnikov ya ga ba zai iya zama cikin wannan hali ba, ya ajiye aiki a 1882. Iyayen Olga sun rasu sun bar musu ɗan abin hannu, sai ya kwashi matarsa da ƙannenta suka tafi Mesina, wani gari a bakin teku a tsibirin Sisili. Ya kama haya, ya mai da falo ɗakin bincike.

Ƙayar Mesina

Abin da ya kai shi Mesina shi ne ci gaba da nazarin narkar da abinci a jikin halittun teku. Daga cikinsu akwai wata mai hannuwa biyar da ake kira tauraron teku. Jariranta ƙanana ne ƙwarai, jikinsu garau kamar ruwa, mai dubawa yana iya ganin duk abin da ke gudana a ciki suna raye. A cikinsu akwai wasu ƙwayoyi masu yawo, ba su da mazauni guda, suna miƙa sashen jikinsu suna jan sauran. Mechnikov yakan sa musu garin jan rini ya ga sun haɗiye shi.

Wata rana a ƙarshen shekarar 1882, iyalinsa sun tafi kallon wasan birai, ya rage shi kaɗai da madubinsa. Yana cikin kallon ƙwayoyin nan masu yawo sai wani tunani ya faɗo masa: idan suna iya haɗiye abinci da rini, me zai hana su haɗiye maƙiyin da ya kutso cikin jiki? In kuwa haka ne, to duk abin da aka soka wa wannan jariri, wanda ba shi da jijiyar jini ko ta ji, ya kamata ƙwayoyin su taru su kewaye shi, kamar yadda mugunya kan taru a yatsan da sartse ya shiga. Ya fita lambun gidan ya karyo ƙayoyin wardi, ya soka su a ƙarƙashin fatar jariran. Daren nan bai runtsa ba. Gari na wayewa ya duba, ya tarar ƙwayoyin sun yi cincirindo sun lulluɓe kowace ƙaya.

Don a gane nauyin wannan gwaji, sai an san ra'ayin da ke tashe a lokacin. Tun 1867 wani Bajamushe, Julius Cohnheim, ya nuna cewa fararen ƙwayoyin jini suna ratsa bangon jijiya su fita zuwa wurin da ya kumbura. An kuma sha ganin ƙwayoyin cuta a cikin waɗannan fararen ƙwayoyi. Sai dai fassarar da aka yi wa abin ita ce ƙwayoyin cuta ne ke shiga cikinsu, su mai da su jakunan da za su yaɗa su ko'ina a jiki. Mechnikov ya juya maganar: farar ƙwayar ce mafarauciya, abin da ke cikinta kuwa nama ne da ta kama.

A kan hanyarsa ta komawa gida ya biya ta Biyana, ya nuna wa Farfesa Carl Claus aikinsa, aka raɗa wa ƙwayoyin suna fagosait, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar ƙwaya mai ci, wato maciya. A 1883 ya gabatar da ra'ayinsa a taron masana da likitocin Rasha a Odesa. Amma ƙaya ba cuta ba ce, saboda haka ya nemi hujjar da ta fi wannan. Ya same ta a jikin ƙumar ruwa, wata 'yar halitta ta tafki wadda ita ma ake ganin cikinta. Akwai wata fumfuna mai tsini kamar allura da kan huda hanjinta ta shiga jiki. Ya lura cewa in maciya suka yi saurin kewaye tsinin suka narkar da shi, ƙumar takan rayu. In kuwa fumfunar ta yi musu yawa, sai ta yaɗu, ƙumar ta mutu. Ya buga wannan a 1884 cikin mujallar Rudolf Virchow, babban masanin cututtuka na Jamus, wanda ya ga aikin tun a Mesina ya ƙarfafa masa gwiwa. Daga baya ya raba maciyan jikin mutum gida biyu: manya, waɗanda ya kira makrofaj, da ƙanana, waɗanda a yau ake kira niyutrofil.

Daga Odesa Zuwa Faris

A 1886 aka buɗe tashar binciken ƙwayoyin cuta a Odesa don yin allurar ciwon haukan kare bisa hanyar Louis Pasteur, aka ba Mechnikov shugabancinta. Zaman bai yi daɗi ba. Likitocin gari suna ganin ba ya cikinsu tunda ba shi da takardar likita, jaridu kuma suna ta sukar gwaje-gwajensa. Daɗin daɗawa, a wani lokaci da ba ya gari, aka yi kuskure wajen yi wa wani babban garke rigakafin ciwon saifa, dubban tumaki suka mutu, abokan hamayya suka sami abin faɗa.

Kafin wannan ya riga ya fara neman mafaka a Turai. Ya je Balin wurin Robert Koch, wanda ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, ya nuna masa abin da ke ƙarƙashin madubi, Koch ya karɓe shi a sanyaye. Ya je Faris, Pasteur ya tarbe shi hannu biyu-biyu, ya ba shi ɗakin bincike a sabuwar cibiyarsa. Mechnikov ya koma can a 1888, bai ma nemi albashi ba da farko. A Cibiyar Pasteur ya yi sauran shekarunsa 28, har ya zama mataimakin shugabanta, ɗalibai daga ƙasashe da dama suna zuwa ɗaukar karatu a wurinsa.

Taƙaddama Da Masanan Jamus

Shekarun da suka biyo baya na muhawara ne mai zafi. Masana suka rabu gida biyu. Ɓangaren Faris yana cewa maciya ne ginshiƙin garkuwar jiki. Ɓangaren Jamus yana cewa wasu sinadarai ne da ke narke cikin ruwan jini suke kashe ƙwayoyin cuta, maciya kuwa 'yan shara ne kurum, masu kwashe gawa bayan an gama yaƙi. Gabar da ke tsakanin Faransa da Jamus tun yaƙin 1870 ta ƙara wa wutar itace.

Hujjojin Jamusawa ba na wasa ba ne. A 1888 George Nuttall ya nuna cewa ruwan jini, ko babu ƙwaya ɗaya a cikinsa, yana kashe wasu bakteriya. A 1890 Emil Behring da Shibasaburo Kitasato suka gano cewa ruwan jinin dabbar da aka yi wa rigakafi yana karya dafin mashaƙo da na ciwon sarƙe-haƙora, kuma ana iya ɗaukarsa a ba wani ya sami kariya. Wannan ya ceci yara masu ɗimbin yawa, ya kuma kai Behring ga samun kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901. A 1894 Richard Pfeiffer ya nuna ƙwayoyin kwalara suna narkewa a cikin ɓeran Masar da aka yi wa rigakafi ba tare da maciya sun haɗiye su ba. Kowace hujja ta fito, Mechnikov yakan rasa barci, ya koma ɗakin bincike, ya shirya sabon gwaji ya mayar da martani. Ya nuna cewa ƙwayoyin cutar da maciya suke haɗiyewa rayayyu ne masu ƙarfi, domin in aka fito da su aka shuka sukan tsiro. Ya tsaya ya kare ra'ayinsa a manyan tarurruka, a Balin a 1890, a Landan a 1891, da Budafes a 1894. Ya tattara hujjojinsa cikin littafi a kan kumburi a 1892, da wani babba a kan garkuwar jiki a 1901.

Abin sha'awa, a ɗakin bincikensa ne wani matashi ɗan Beljiyam, Jules Bordet, ya warware yadda sinadaran ruwan jini suke haɗa ƙarfi su fasa bakteriya, wato ya ƙarfafa hujjar abokan hamayya, Mechnikov kuma bai hana shi bugawa ba. Sulhu ya fara samuwa a 1903, lokacin da Almroth Wright da Stewart Douglas na Ingila suka nuna cewa wasu sinadaran jini sukan shafe jikin bakteriya su sa maciya su fi saurin kama ta, kamar yadda miya kan sa tuwo ya wuce. Ashe hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1908 aka raba kyautar Nobel tsakanin Mechnikov da Paul Ehrlich, jagoran ɓangaren Jamus.

Shekarunsa Na Ƙarshe

Bai tsaya ga maciya kaɗai ba. A farkon shekarun 1890 ya sha ruwan da aka shuka ƙwayoyin kwalara a ciki don gwaji, bai kamu ba, amma wani daga cikin masu sa kai ya kusa mutuwa, abin da ya sa ya daina irin wannan gwaji a kan mutane. Daga nan ya fara tunanin cewa bakteriyar da ke zaune cikin hanji na iya taimaka wa cuta ko su hana ta. A 1903 shi da Emile Roux suka yi nasarar sa wa birin cimfanzi ciwon tunjere, abin da ya buɗe hanyar nazarin ciwon, daga baya kuma suka fito da wani man shafawa mai haɗe da zaiba don rigakafinsa.

Da girma ya fara kama shi sai ya juya ga nazarin tsufa, kuma shi ya ƙirƙiro sunan da ake kiran wannan fanni da shi a harsunan Turai. A ganinsa, bakteriyar babban hanji suna fitar da guba a hankali wadda ke tsofar da mutum, maganinta kuwa shan madara mai tsami, domin bakteriyar da ke tsamama madara suna hana masu ruɓarwa sakewa. Ya kafa hujja da manoman Bulgeriya masu yawan shan irin wannan nono, wanda ɗan'uwan kindirmo ne. Shi kansa kullum sai ya sha, kuma ba ya cin ɗanyen abu. Maganar gubar hanji ba ta tabbata yadda ya faɗe ta ba, amma nazarin bakteriyar hanji da amfaninsu ga lafiya ya zama babban fanni a ƙarni na 21.

A 1909 ya ziyarci Tolstoy a gandunsa, suka wuni suna tattaunawa, ɗaya ya dogara ga kimiyya, ɗaya ga gyaran zuciya, suka rabu cikin mutunci kowa na kan bakansa. Ɓarkewar Yaƙin Duniya na Farko a 1914 ta karya masa zuciya, domin ya yi imani ilmi zai hana irin wannan ɓarna. Ɗalibansa suka tafi fagen fama, ɗakunan bincike suka zama kango. Ciwon zuciya ya kwantar da shi, ya mutu a Faris ran 15 ga watan Yuli, 1916, yana da shekara 71. Bisa wasiyyarsa aka ƙona gawarsa, aka ajiye tokar a ɗakin karatu na Cibiyar Pasteur. A 1945 aka sa wa Jami'ar Odesa sunansa.

Tambayar Da Ya Bari

Mechnikov ya nuna cewa maciya suna kama maƙiyi, amma bai iya bayyana yadda suke gane shi ba. Ƙwayar da ba ta da ido ko hanci, ta yaya take bambance bakteriya da ƙwayar jikin da ke maƙwabtaka da ita? Bayan mutuwarsa aka yi shekaru kusan 70 hankalin masana yana kan sinadaran nan na jini da ake kira antibodi, aka ɗauki maciya kamar ƙananan barori.

A yau an san garkuwar jiki iri biyu ce. Akwai ta koyo, mai antibodi, wadda takan san kowace cuta ɗaya-ɗaya ta kuma tuna da ita, amma takan ɗauki kwanaki, har mako ko fiye, kafin ta shirya a karo na farko. Akwai kuma ta haihuwa, wadda ake zuwa duniya da ita, mai tashi cikin mintoci ko sa'o'i. Tunda wasu bakteriya suna ninka yawansu cikin minti 20, jikin da ya tsaya jiran ta koyo kaɗai ba zai kai labari ba. Halittu marasa ƙashin baya, irin su tauraron teku da ƙwari, ba su da antibodi sam, da ta haihuwa suke rayuwa.

A 1989 wani masani ɗan Amurka, Charles Janeway, ya lura cewa allurar rigakafi ba ta yin ƙarfi sai an haɗa ta da wani abin da zai tsokani jiki. Daga nan ya kawo ra'ayin cewa maciya suna ɗauke da wasu na'urorin ganewa da suka gada, masu gane alamomin da dukan wani jinsi na ƙwayoyin cuta ke da su, waɗanda jikin mutum ba shi da irinsu. Misalinsu kamar sarkin ƙofa ne na zamanin da, wanda bai san sunan kowane baƙo ba, amma da ganin askar fuskarsa ya san daga wace ƙasa ya fito. Alamomin kuwa abubuwa ne da ƙwayar cuta ba ta iya rayuwa in babu su, don haka ba ta iya yar da su ta ɓad da kama.

Hujja ta fito daga wani ɗan ƙuda mai bin 'ya'yan itace. A 1996 Bruno Lemaitre da Jules Hoffmann, a Faransa, suka nuna cewa ƙudan da wani sinadarin gadonsa mai suna Toll ya lalace, fumfuna takan lulluɓe shi ta kashe shi. A 1997 Ruslan Medzhitov da Janeway suka nuna cewa mutum ma yana da irinsa. A 1998 Bruce Beutler ya gano a jikin ɓeraye cewa ɗaya daga cikin dangin, mai lamba 4, shi ke gane wani sinadari mai maiƙo da ke lulluɓe da bangon wasu bakteriya. Mutum yana da irin waɗannan na'urori na dangin Toll guda 10. Mai lamba 5 yana gane bulalar da bakteriya ke iyo da ita, mai lamba 3 yana gane wani nau'in sinadarin gado da bairos kan samar in yana hayayyafa. Wasu suna kan fatar ƙwaya, wasu suna cikin aljihun da take jefa abin da ta haɗiye. Akwai kuma waɗanda ke jin abin da ya zubo daga ƙwayar jikin da aka fasa, wannan ne ya sa ko ƙaya mai tsabta takan tara maciya.

Da zarar makrofaj ya gane alama sai ya yi yekuwa, ya saki sinadaran kiran gayya. Jijiyoyin wurin su buɗe, jini ya ƙaru, wurin ya yi zafi ya kumbura, niyutrofil su fito daga jini su auka wa maƙiyi, da yawansu su mutu su zama mugunya. Wasu sinadaran su kai ga ƙwaƙwalwa su ɗaga zafin jiki, shi ne zazzaɓi. Wata ƙwaya mai rassa, wadda Ralph Steinman ya gano a 1973, takan ɗauki guntun maƙiyi ta kai shi ƙulli-ƙullin hammata ko na matsematsi, inda za a tashi garkuwar koyo, shi ya sa mai miki a ƙafa kan yi kaluluwa. Kumburin saifa ga mai yawan zazzaɓin cizon sauro ma yana da nasaba da aikin makrofaj masu tace jinin da cutar ta ɓata. In yekuwar ta wuce kima ta game jiki duka, takan kashe mutum da kanta. Wasu maƙiyan kuma sun koyi dabara: ƙwayar tarin fuka, wadda ta kashe Ludmila, takan bari makrofaj ya haɗiye ta, sa'an nan ta hana shi narkar da ita ta zauna a cikinsa. A 2011 aka ba Hoffmann da Beutler da Steinman kyautar Nobel, shekara 103 bayan ta Mechnikov.

Kammalawa

Mechnikov mutum ne mai saurin fushi, mai kafewa a kan ra'ayi, wanda ya yi daidai a wasu wurare ya kuma wuce gona da iri a wasu. Ya rage darajar antibodi fiye da kima, kuma nonon da ya dogara da shi bai kai shi tsufan da ya yi fata ba. Amma a kan babbar maganarsa tarihi ya ba shi gaskiya: kumburi kariya ne, maciya kuma su ne ke fara ganin maƙiyi, su ne ke kiran sauran runduna. Ya kai ga wannan ne domin ya yi shekara kusan 20 yana kallon tsutsotsi da jariran halittun teku, aikin da likitocin zamaninsa suke ganin ba shi da wata alaƙa da jinyar mutum. Masanan garkuwar jiki a yau suna lissafa shi a matsayin uban fannin garkuwar haihuwa.